Yadda na fara dukanci a gidan haya ba tare da na tada jaririn maƙwabta ba

Ni dai ba ɗan dukawa ba ne, gara in faɗa tun yanzu kar wani ɗan gado ya zo yana ce min ai ba haka ake yi a gidansu ba. Mushe ne ni, ina koyarwa a wata lakwal nan cikin Damagaram, babanmu malamin allo ne kakanmu ma haka, duk zuriyarmu ba wanda ya taɓa riƙe basilla, in takalmi ya tsinke sai dai a ba yaro ya kai wa mai gyara. Gafaka ce ta ja ni cikin wannan harkar. Gafakar Alƙur'anin babanmu wadda ta girme ni, maratayinta ya tsinke bakin marfin kuma ya fara tsagewa, na ɗauka na kai wa wani tsohon baduku a cikin Birni, ya ce in zauna yanzu zai gama, to kun san yanzu ta masu sana'a, daga bayan la'asar har aka kira magariba ina zaune bisa wani guntun buzu ina kallon hannunshi. Wallahi ban ji zaman ba. Yadda yake feƙe bakin fata da aska har ta koma kamar takarda, ya ninke, ya huda, ya ja zare, ko kallon abin ba ya yi sosai yana ta hira da masu wucewa. Na dawo gida abin na raina.

Kuskuren da na yi na farko shi ne maimakon in koma wajen tsohon nan sai na shiga YouTube. Dare kan dare ina ƙone kuɗin intanet ina kallon mutanen Amurka suna buga furanni da ganyaye a jikin fatar saniya mai kauri irin wadda suke sirdin dawakinsu da ita, su ɗora wani ɗan ƙarfe mai zane a baki su buga da guduma, tak tak tak, kafin ka ce me fure ya fito kamar a taɓa ya motsa. Na ce a raina ai wannan ba wuya, in dai bugu ne ina da marto, wato guduma, a gida.

Ran Alhamis na hau kabu-kabu sai kasuwar Dole, na zaga na ga wata fata mai laushi mai sheƙi, ruwan ƙasa, kyakkyawa da ita, ban tambayi komai ba na biya na naɗe na taho ina jin kaina. Da dare na yanki guntu na shafa mata ruwa kamar yadda na ga ana yi, ruwan ya tsaya a sama dunƙule-dunƙule ya ƙi shiga. Na ce ba komai. Na ɗora kan wata ƙusa na buga, shaida ta fito, na yi ta bugawa har na yi layi uku na kwanta ina murna, da asuba na duba fatar ta miƙe sumul kamar ba a taɓa ta ba, sai ɗan inuwa-inuwa. Sai daga baya na gane cewa jimar da aka fi yi iri biyu ce. Akwai ta kamfani da ake yi da wani sinadari mai suna kurom, cikin kwana ɗaya ko biyu an gama, ita ce yawancin fatar takalman kanti da jakunkunan mata da kujerun mota, tana da laushi ba ta jin ruwa sosai amma ba ta riƙe zane ko za ka kwana kana duka. In ka yanka ta ka dubi tsakiyar yankan sau da yawa za ka ga wani launi shuɗi-shuɗi mai toka-toka, ni ma da na duba tawa haka na gani. Sai kuma jimar da ake yi da ƴaƴan itace ko ɓawo, wadda mu nan bagaruwa muke sa wa, ita ce mai shan ruwa ta yi laushi ka danna mata siffa in ta bushe ta tsaya a haka. Ashe abin da nake nema yana bayan gari ni ina can ina sayen na kanti.

Na koma wajen tsohon da guntun fatar a aljihu, na gaishe shi na zauna na kwashe labari na faɗa mishi. Ya juya ta ya shinshina ya ce "Mushe, wannan ai ba tamu ba ce." Ya ce me zan yi da koyon dukanci, albashi ne ba ya isa? Na ce a'a Baba, sha'awa ce kawai. Ya daɗe yana kallona, don a wajensu sana'a gado ce, mutum ba ya tashi haka kurum ya ce yana sha'awar warin fata. Har gida ma na sha wannan tambayar, wata gwaggona cewa ta yi ɗan malamai da dukanci, me ya yi zafi. Na ce mata Gwaggo ai gafakar malaman ma baduku ne ya ɗinka, ta ce in tashi in ba ta wuri.

Shi Baba ne ya haɗa ni da wani jikanshi ya raka ni majema. Duk wanda bai taɓa zuwa ba to ya shirya hancinshi, tun daga nesa za ka san ka iso. Ramuka ne jere, nan an jiƙa fata cikin ruwan toka don gashi ya saki, can wani ya shimfiɗa ta bisa gungume yana karce gashin da sauran nama da wuƙa mai mariƙi biyu, can kuma ana dakan bagaruwa ana jiƙa ta, ruwan ya yi jawur kamar shayin da ya daɗe a wuta, a tsoma fatun a yi ta juyawa ana matsewa kwana da kwanaki har jimar ta ratsa, sannan a shanya a shafa mai a yi ta murza. Lokacin ba a daɗe da babbar sallah ba fatun layya sun cika wurin. Ina tsaye ina toshe hanci sai na tuna abin da nake karanta wa yara a aji, cewa tun zamanin Sarkin Damagaram Tanimun ayari ke tashi daga unguwar Zango ya bi ta Agadas ya tsallaka sahara har Tarabulus, kuma cikin kayan da ake ɗauka har da jemammiyar fatar akuya ta ƙasar Hausa, irin ta jar akuyar Maraɗi da Sakkwato, wadda in ta isa Turai sai su ce mata fatar Maroko don ta can arewa take fito musu. Garin da ya riƙe babban birnin Nijar har 1926 kafin a maida Yamai, ga abinshi a gida, ni kuma ina kallon na wasu a waya.

A nan na koyi abu na biyu. Fatar akuya sirirya ce, kaurinta bai cika wuce milimita 1 ba, ita kuwa wadda nake gani a bidiyo ta saniya ce mai milimita 3 har 4, shi ya sa zanensu ke nutsewa ya yi tudu da kwari. A fatar akuya in ka matsa da bugu sai ka huda ta. Don haka na sayi fatar akuya guda don ɗinki da kuma guntun ƙirgi na saniya don zane, kuma na roƙi majemin ya ba ni wadda ba a rina ba kuma ba a cika mata mai ba, don in mai ya yi yawa ruwa ba zai shiga ba mun koma gidan jiya.

Kayan aiki kuwa ban da kuɗin yin odar na waje, kuma ko ina da su ban san ranar da za su iso ba. Na samo manyan ƙusoshi da ƴan kusoshin mota wajen wani bakanike abokina, na sayi magagari, na zauna ina goge kawunansu, wannan na yi mishi siffar dala, wannan zagaye, wannan na tsaga shi gida huɗu, wannan kamar ƙwayar hatsi. Hatimai bakwai na yi, yatsuna duk suka yi kanta.

To ga inda rigimar take. Gidan haya muke, ɗaki biyu da ƴar rumfa, mu huɗu ne masu haya tsakar gida ɗaya, bango ɗaya ya raba ɗakina da na wani bawan Allah direba wanda matarshi ta haihu ba a yi ko arba'in ba. Ni kuma ba ni da lokaci sai bayan isha'i, da rana ina lakwal, da yamma gyaran takardun yara. Daren farko na ɗora ƙirgin bisa teburin da nake rubutu, tebur ne na katako mai aljihu, na kama marto na ƙarfe na fara. Ban yi bugu goma ba uwargida ta ɗago kai ta ce Malam lafiya? Na ce aiki nake. Na ci gaba. Can sai na ji jaririn ya tsala kuka ta bayan bango, na tsaya, ya yi shiru, na sake bugawa ya sake, haka muka yi ta yi ni da shi kamar masu amshi har wajen sha ɗaya.

Da safe zan fita sai ga kakar yaron, tsohuwar da ta zo daga ƙauye don wankan jego, tana zaune bakin murhu. Na durƙusa na ce Inna ina kwana, ya mai jego ya jariri. Ta amsa da fara'a sannan ta ce "Mushe, ashe a birni har da dare ake daka? Jiya na ji turmi na tashi na ce ko mutanen ɓoye ne suka shigo mana." Ba ta ƙara komai ba ta ci gaba da hura wutarta. Kai, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Hannunka mai sanda ne ta yi min kuma na gane, na ce Inna a yi haƙuri ba za a ƙara ba.

Kwana kusan goma ban taɓa kayan ba. Har na fara tunanin in tattara in ba wa jikan Baba. Amma abin ya ƙi fita raina, sai na fara bin ƙarar ɗaya bayan ɗaya kamar yadda nake sa yara su warware lissafi, daga ina take fitowa. Wata Lahadi da rana gidan ba kowa sai ni, na sa ƙanin uwargida ya shiga ɗakin ajiya da ke manne da namu ya rufe ƙofa, ni ina bugawa shi yana faɗa min abin da yake ji. Abin mamaki ba bakin marto da hatimi ne ya fi damun shi ba, cewa ya yi Yaya kamar ana kaɗa ganga a ƙarƙashin ƙasa. Teburin ne. Katako ne mai rami a ciki ga aljihu fanko, ganga sak, ƙafafunshi huɗu kuma suna kai bugun cikin siminti, siminti ya kai wa bango, bango ya kai wa jariri.

Na sauko ƙasa. Bisa siminti tsirara ƙarar ta ragu a ɗakina amma yaron ya ce har yanzu yana jin dum dum a tafin ƙafarshi. Na sa karo guda, wato tayil ɗin daɓe, da ya rage wajen masu gini, bugu na biyar ya rabe biyu. Daga nan na gane abu biyu ake so tare, abu mai nauyi da tauri a sama wanda ba zai yi tsalle ba, da abu mai laushi a ƙasa wanda zai shanye girgizar kar ta shiga ƙasa. Dutse kam Damagaram ba a yi mana rowarshi ba, ko'ina ka juya a Birni ga su nan jibga-jibga gidaje na raɓe da su, amma samun mai shafaffen fuska shi ne aiki. Ƙarshe wajen wani mai sassaƙa dutsen niƙa na samu, na ce kar ya yi mishi kwarmi ya bar shi a baje ya goge min fuska ɗaya, faɗin kamar littafin rajista, kaurin yatsa huɗu, ɗaukar shi sai da hannu biyu. Na cika rabin buhu da rairayi na ɗinke baki na shimfiɗa, na ɗora tsohon tib na mota da na yanka gida biyu, sannan dutsen a sama. Na buga. Yaron ya leƙo ya ce Yaya ka fara ne?

Saura ƙarar ƙarfe da ƙarfe, wannan ƙyal ƙyal ɗin mai shiga kunne. Ita kuma marto ne, kuma dama ba a so a bugi hatimi da gudumar ƙarfe don tana fasa mishi kai ya baje kamar naman kaza, nawa biyu har sun fara. Uwargida na da wata tsohuwar taɓarya da ta tsage a gefe ɗaya, na roƙa ta ba ni, na yanke kan mai nauyin kamar kamu ɗaya da rabi, na naɗe bakin da ragowar fatar kantin nan da ta ƙi zane na ɗaure tam, kun ga ita ma ta samu aiki. Sautin ya koma tuf tuf, kamar mutum na kakkaɓe matashi.

Na ɗauka na gama, ashe babban abin na gaba. Na yi zane na farko cikakke a guntun ƙirgi, layin dala-dala da zagaye a tsakiya, na bar shi ya kwana, da safe na ga duk inda hatimi ya taɓa ya yi baƙi-baƙi mai shuɗi, har da shaidar yatsuna a gefe inda na riƙe ƙusa na taɓa fatar. Na goge da ruwa ya ƙi, na sa sabulu ya ƙara lalacewa. Na kwasa sai wajen Baba. Ya yi dariya har da tari, ya ce ai rini ka yi ba ka sani ba. Ya jawo wani tsohon gwangwani daga ƙarƙashin buzunshi, ruwa ne baƙi da guntayen ƙarfe a ciki masu tsatsa, ya tsoma tsinke ya ja layi a jikin farar fata, ina kallo layin ya rikiɗe ya zama baƙi ƙirin. Wato ƙarfe in ya haɗu da bagaruwar da ke cikin fata ga kuma danshi, baƙi yake bayarwa, da haka dukawa ke yin baƙinsu tun kaka da kakanni, ja kuma daga karan dafi. Ni na je na yi hatimi da ƙusa na ɗora a jiƙaƙƙiyar fata. Har ruwan da nake jiƙawa da shi yana da laifi, don daga tsohon duro na ƙarfe nake ɗiba inda muke tara ruwa saboda kun san halin pampo a garin nan, sai a yi kwanaki bai zo ba. Yanzu a roba nake ajiye ruwan aikin, hatimai kuma na kai wa wani maƙerin fari ya zuba min guda huɗu na tagulla, sauran na sassaƙa da ƙashi da icce mai tauri. Na ƙarfen ban yar ba, in ina son baƙi da gangan su nake ɗaukowa.

A wannan zaman ne Baba ya karɓi ƙirgin ya ce in nuna mishi yadda nake jiƙawa. Na shafa ruwa da soso na kai hannu zan ɗauki hatimi, ya riƙe min hannu ya ce ina za ka, bari ta sha. Muka zauna yana ɗinkinshi ina kallon fata kamar mai gadin tukunya. Da fari ta yi duhu sosai, a hankali ta fara komawa launinta na asali, sai da ta kusa komawa ya ɗauka ya kanga a kumatunshi ya miƙo min ya ce ji. Sanyi take amma ba jiƙe ba. Ya ɗauko wani ɗan ƙashi da ya sha hannu har yana sheƙi, ya ɗora ya danna da nauyin kafaɗarshi ya ja, ba guduma ba komai, layi ya fito mai zurfi kuma cikinshi ya yi duhu kamar an gasa. Ya ce "Mushe, ku ƴan boko komai sai kun buga. Fata in ta sha ruwa daidai lallashi take so." Sai a lokacin na lura duk zaman da na yi a rumfarshi ban taɓa jin ƙara ba in ban da in yana daddaɓe ɗinki ya kwanta. Adon dukawanmu yawanci ba na bugu ba ne, rini ne da layi, da yanka fata mai launi a ɗora bisa wata, da kankare saman fatar da aska a fitar da zane, da ɗinkin ado na siraran fata da ake sakawa kamar zare. Ka dubi kayan dawaki ranar hawan sallah a ƙofar fada ka gani.

Abin da ya sa nake dukan kamar mai fasa dutse ashe fatar ce ban iya jiƙawa ba. Ko in fara tana jagab, zanen ya cika da ruwa ya rufe kamar sawu a cikin laka, ko kuma in daɗe ina aiki ta bushe a hannuna ban sani ba in yi ta ƙara ƙarfi. Nan garin kuwa bushewa ba wuya, da hunturu in ka jiƙa kafin ka sha shayi kofi ɗaya ta koma ƙirgi. Dabarar da nake yi yanzu, in na dawo da azahar sai in jiƙa ta gaba da baya in sa a leda in ƙulle in tura ƙarƙashin gado, kafin isha'i ruwan ya ratsa ko'ina daidai, in na fito da ita in bar ta ta sha iska kaɗan, ina aiki ina rufe gefen da ban kai ba da ledar. Amma da damina a yi hankali, na taɓa mantawa da wata kwana uku na buɗe na tarar ta yi fumfuna fari fat da ɗigo-ɗigon da har yau ba su fita ba.

Tun da na gane danshi rabin bugun ya tafi. Ƙananan hatimai yanzu da hannu nake dannawa, na sa musu mariƙi na icce mai dunƙulen kai yadda zai zauna a tafin hannu, in tsaya a gwiwa in sake musu nauyina. Babba guda ɗaya mai siffar dagi wanda hannu ba zai iya ba, shi kuma na sayo matsi irin na kafintoci mai dunƙulen juyawa, in sa fata da hatimin tsakanin katako biyu in murɗa a hankali in bar shi kamar minti 5 in kwance, yana fitowa tsaf fiye da na bugu ma don ba ya gocewa ya yi biyu-biyu. Hujin ɗinki ma na daina bugawa. Ina auna tazara da cokali mai yatsu, in danna ya bar ɗigo, sannan in bi da basilla ina hudawa bisa tsohon silifa, shiru kake ji. Zaren kuma in goga mishi kakin zuma, allura biyu ɗaya ta kowane gefe suna musayar rami, irin ɗinkin da ko zare ɗaya ya tsinke ɗayan na riƙe. Na soki yatsa ba adadi, akwai ranar da basilla ta zarce silifan ta shiga cinyata na danne ihu saboda jaririn, uwargida na dariya har da hawaye ita ma tana toshe baki.

Ɗan abin da ya rage wanda dole sai an buga, kamar sa maɓalli ko huda babban rami na maratayi, na daina yin shi da dare kwata-kwata. Tara su nake sai ran Asabar ko Lahadi da hantsi lokacin da matan gidan suka fito da turame, in suna lugude ni ma in shiga ciki da guntuwar taɓaryata ba mai sanin nawa daga nasu. Wani lokaci kuma in an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, mai shagon ƙofar gida ya tada injinshi, to nan ma dama ce, amma aikin zane da fitilar waya ba daɗi, inuwa na ruɗar ido sai ka ɗora hatimi a karkace.

Abin da na fara gamawa wanda zan iya nuna wa mutane alabe ne ɗan ƙarami mai aljihu biyu, bayan ƙirgi ciki akuya, na shafe shi da man kaɗe kaɗan na goge da tsumma har ya ɗau haske. Sati uku ya ci min. Na kai wa Baba ina jiran ya yabi zanen, shi ko kallon zanen bai yi ba, ya juya shi ciki ya bi ɗinkin da farce ya tsaya a kusurwa ya ce nan ka gaji ko? Gaskiya ne, a nan tazarar ta buɗe don barci nake ji ranar. Ya ce bakin kuma ban feƙe ba shi ya sa ya yi kauri kamar leɓen raƙumi. Ya ba ni wata tsohuwar askarshi da ta sha wasa har ta rage rabi, ya ce in je in yi ta feƙe guntaye sai na cika kwano kafin in sake taɓa fata mai kyau. Na ciro kuɗi ya harare ni, sai goro nake kai mishi duk Juma'a in an sauko.

Tsohuwar nan kakar jaririn kafin ta koma ƙauye ta ganni a rumfa ina ɗinki ta tsaya ta ce Mushe ka bar dakan dare kenan, na ce Inna ina nan ina yi, turmin ne ya koyi ladabi. Ta karɓi alaben ta jujjuya ta ce in yaron ya fara tafiya ni zan yi mishi takalmi, na ce to Allah ya kai mu. Yaron ga shi yanzu har ya fara kama bango yana miƙewa, uwar ta riga ta tuna min sau biyu, na auna ƙafar da takarda na yanka sama da jar fatar akuya, amma ƙasan ne ya tsaya min, ƙirgin da nake da shi ya yi tauri ga ƙafar yaro fatar akuya kuma za ta cinye cikin sati. Ran Alhamis in na tashi lakwal zan biya majema in ga ko zan samu ta maraƙi.